Wilin Tarakta Da Darasin Ma'auni Guda

A wannan makon ina so mu leƙa Amurka, mu duba wata al'ada ta masu ƙananan taraktocin lambu, wato cire wilin taya, wanda wasu ke kira rim, daga taraktar wani kamfani a ɗaura wa ta wani. Maganar ta yi kama da hirar gareji, amma a ganina akwai batun 'yancin mai saye a cikinta.

Waɗannan taraktoci ƙanana ne, ana yankan ciyawa da huɗar lambu da ture dusar ƙanƙara da su. Kamfanin Wheel Horse ya fara ƙera su a jihar Indiyana a 1946, International Harvester ya fito da Cub Cadet a farkon shekarun 1960, sannan John Deere ya shigo kasuwar a 1963 da samfurin 110. Toro ya sayi Wheel Horse a 1986, daga baya aka daina ƙera shi gaba ɗaya. Duk da haka, har yau akwai tsofaffin taraktocin nan suna aiki, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne yawancin kamfanonin sun yi amfani da awo iri guda a wilin baya: faɗinsa inci 12, da hujin noti biyar a kan da'ira mai faɗin inci 4.5, wato milimita 114.3. Idan tsatsa ta cinye wilin mutum, sai ya nemi na wani kamfani a wurin masu gwangwan ya ɗaura. Awon hujin nan shi ne kuma a ƙafafun motoci da yawa da muka saba da su, irin su Toyota Camry da Honda Accord.

Sai dai Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane. Dacewar huji biyar mataki na farko ne kawai. Ana tabbatar da ita ta hanyar auna tsakiyar huji zuwa tsakiyar na kusa da shi. Idan awon 114.3 ne, za a samu kusan milimita 67. Akwai wili mai awon 112 ko 115 wanda ido ba zai bambance ba, zai ma iya shiga da ɗan matsi, amma notin ba zai zauna daidai ba, kuma a hankali zai kwance.

Na biyu shi ne hujin tsakiya, wanda dole ya wadatar da kan hob. Na uku, wanda ya fi yaudarar mutane, shi ne inda aka liƙa farantin tsakiya a cikin wilin. Idan wilin ya shige ciki da yawa, taya za ta riƙa gogar jikin tarakta ko sandar burki. Idan ya fito waje da yawa, nauyi zai ƙaru a kan boris, ya kuma iya taɓa injin yankan ciyawar da ke rataye a ƙasa. Na huɗu shi ne faɗin wilin. Rubutun 23x10.50-12 da ke jikin taya na nufin tsayi inci 23, faɗi inci 10.5, wili inci 12, kuma taya mai faɗi ba ta zama da kyau a kan siririn wili. Ƙafafun gaba kuwa lissafinsu daban ne, domin kaurin sandar da suke juyawa a kai, inci ɗaya ko kashi uku cikin huɗu na inci, shi ke yanke hukunci.

Abin da ya ja hankalina shi ne yadda ma'auni guda ke sauya matsayin mai saye. Wanda wilin kowane kamfani zai yi masa aiki yana da zaɓi, yana kuma iya yin ciniki. Wanda sai na kamfani ɗaya, farashin da aka yanka masa shi zai biya. Manoman Amurka sun ɗanɗana wannan a manyan taraktocin zamani masu kwamfuta, inda wasu gyare-gyaren ba sa yiwuwa sai da manhajar dila. Shi ya sa jihar Kolorado ta kafa dokar 'yancin gyaran injinan noma a 2023, kuma a Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta tarayyar ƙasar ta maka John Deere a kotu kan wannan batu.

Za a iya cewa tilasta ma'auni guda na daƙile ƙirƙira. Ban yarda ba. Maƙalar garma mai ƙugiya uku da Harry Ferguson ya ƙirƙiro ta zama ma'aunin duniya, kuma hakan bai hana kamfanoni gasa a ƙarfin inji da tsimin mai ba.

A nan ne maganar ta shafe mu. Duk wanda ya taɓa ratsa harabar wata ma'aikatar gona a Arewa ya ga taraktoci jere, ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, sau da yawa saboda rashin wani ƙaramin safaya. Gwamnati ta sayo daga wannan ƙasa, mai bi mata ta sayo daga waccan, kuma kayan wannan ba ya shiga wancan. Shawarata ga masu sa hannu a kwangila, da ƙungiyoyin manoma masu haɗa kuɗi su sayi ƙaramar tarakta, ita ce kafin a tambayi farashi a tambayi awon wili da taya da boris da filta, a kuma tabbatar ana samunsu a Kano ko Kaduna. A tafi da bakanike wurin ciniki, a bar shi ya auna da hannunsa kafin a biya kuɗi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa.