Zauren 'Yan Mata: Kwamfutar Auta

Yau na ajiye zancen soyayya, ko da yake za ku ga bai bar mu ba.

Makon jiya na baro Birnin Kebbi na je Argungu gaida Inna, na tarar da Autarmu ta zube kuɗi a kan tabarma tana ƙirga. Adashen shekara biyu ne, na ƙunshi da kitson da take yi bayan an tashi makaranta. Wai kwamfutar gem za ta haɗa da kanta, ta sayi kayan ɗaya bayan ɗaya.

Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Mi za ki yi da wanga akwati, ɗiya mace?"

"Wasa da karatu, Inna," in ji Auta. Sai ta jawo ni ɗaki ta nuna mini hoton wani akwati mai gilashi da fitilu kala-kala, kuɗinsa ya kusa lashe sulusin adashen. Ta sassauta murya ta ce, "Yaya, akwai wani mai shago da ya ce zai cika mini sauran, kyauta."

Gabana ya faɗi. Na ce, "Auta, kyautar da ba za ki iya faɗa wa Inna ba, bashi ce. Zauna mu yi lissafi."

Ga abin da muka tsayar, bayan mun sha tambayar masu gyara, ko wata za ta amfana.

Na farko, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, da madabod, allon da kowane kaya ke zama a kansa. Waɗannan kamar miji da mata ne, in jininsu bai haɗu ba babu zama. Furosesar AMD ba ta hawa allon Intel. Ko a gidan AMD mazauni biyu ne: AM4 na shekarar 2016 mai aiki da ram DDR4, da AM5 na 2022 wanda sai DDR5. Sabon ya fi tsada, don haka muka tsaya kan tsohon.

Na biyu, katin hoto, shi ne mai zana duk abin da ido ke gani a gem, kuma shi ya fi cin kuɗi. Mun zaɓi furosesa Ryzen 5 5600G ta 2021, domin tana da nata mazanin hoto a ciki. Za ta ɗauki The Sims 4 da Minecraft, har da ƙwallo in an rage saiti. Ramin katin yana nan a allo yana jira. In wani adashen ya zagayo, sai a nemi na hannu irin GTX 1660 Super, a gwada shi a gaban mai shi kafin a biya.

Na uku, ram giga 16, amma a saye shi sanda biyu masu takwas-takwas. Irin wannan furosesa daga ram take aron wurin aikin hoto, kuma sanda biyu sun fi ɗaya sauri nesa ba kusa ba. Ma'ajiya kuwa SSD mai giga 500 ta isa mafari.

Na huɗu, fawa saflai, mai raba wa kayan wuta. Nan ne ba a rowa. Wani ɗan unguwarmu ya sayi mai araha marar suna, ranar da aka dawo da wuta da ƙarfi ta tafi da allonsa, ya wuni yana salati. Araha ba ta ado. A nemi mai wat 550 da tambarin 80 Plus daga sanannen kamfani, a haɗa da sitabilaiza.

Na biyar, akwati. A ƙasar Kabi zafin bazara yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Gilashi da fitila ba sa sanyaya komai. Mai raga a gaba da fanka biyu ko uku shi ne namu, a riƙa kakkaɓe masa ƙura.

In za a aika saye Kano ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja, a rubuta sunan kowane kaya da lambarsa a takarda, a ce mai shago ya haɗa furosesa da allon ya kunna a ga sun tashi, a karɓo rasit.

Da muka gama lissafi kuɗin ya isa, har da canjin linzami da kibod. Allon kallo kuwa talabijin ɗin falo za ta ara. Auta ta daɗe tana kallon hoton akwatin nan mai fitilu, idonta ya ciko, sannan ta goge shi daga waya. Ta kuma goge lambar mai shagon, ban ce ta yi ba.

'Yan uwa, ranar gasar kamun kifi a Matan Fada ba a duba kyan homa, kifin da ta kamo ake ɗorawa a sikeli. Ki sayi abin da guminki ya isa, ki bar wurin ƙari. Kwamfutar Auta ba za ta yi walƙiya ba, amma babu wanda zai tsaya a ƙofar gida da magariba ya ce da kuɗinsa a ciki.

Inna ma ta sauko, sharaɗinta ɗaya: ba gem sai an gama aikin makaranta da wanke-wanke.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.