Na Sa Almakashi A Zannuwan Inna, Yaya Ta Yi Fushi Da Ni

A makon jiya da na ce a hamada muke zaune, wata 'yar uwa daga Gusau ta tambaya wai dama Amurka ma akwai hamada, ko zolaya nake yi? Akwai ta kuwa. Yau zan ba ki amsa, sai dai amsar za ta biyo ta kan wata rigima da na janyo wa kaina, wadda har yanzu ban ga hanyar fita daga cikinta ba.

Muna tsakiyar jihar Oregon ne, a bayan garin Redmond, inda aikin maigidan ya kawo mu shekara bakwai ke nan. Mutanen nan suna ce wa yankin hamadar kan tudu, domin tudun ƙasar ya haura mita 900 a kan teku. Yamma da mu akwai jerin duwatsun Cascade. Su ne ke tare hadarin da ke tasowa daga teku, ya zubar da ruwansa a wancan ɓangaren kafin ya tsallako. Abin da ke iso mana a shekara bai kai milimita 300 ba. Damagaram ma ta fi mu ruwa.

Amma ki cire rairayi da raƙuma daga ranki. Ƙasa ce mai toka-toka da baƙaƙen duwatsun da aman wuta ya bari tun zamanin da, sai gajerun itatuwa jefi-jefi, sai shanu da dawakai a cikin shingen waya. Rana ta gasa ki da azahar, da asuba ki nemi rigar sanyi. Ko a watan Yuni raɓa takan daskare cikin dare ta ƙone miki tumatir. Sau biyu tana yi min haka kafin na koyi lulluɓe shuka da tsohon zanin gado.

Shekarata ta farko ban ga komai a wurin nan ba sai bushewa. Sai da watan Mayu ya kama na ga ikon Allah. Gangaren da na ɗauka matacce ne ya wayi gari rawaya fes da wani fure mai kama da ƙaramin furen rana, suna ce masa balsamrut. Saiwarsa takan nutsa ƙasa fiye da tsawon hannu, kuma yakan yi shekaru yana tara ƙarfi a ƙarƙashi kafin ya fitar da fure ko ɗaya. A tsakaninsa ga wani shuɗi mai tsayi, lufin, ga wani ja zur kamar an tsoma tsinke a fenti. 'Yan makonni ne kawai, zafi na shigowa su bushe kamar ba a yi ba.

Wanda ya fi shiga raina ba fure ba ne ma. Wani ɗan itace ne mai ganye ruwan toka da ya rufe ko'ina, suna ce masa sej. Ranar da aka yi yayyafi na fita kwashe shanya, ƙamshin da ya taso ya tsayar da ni cak: tazargade! Daga baya na gano ashe dangi ɗaya suke. Na tsaya da kwandon kaya a hannu ina ta kuka, domin ƙamshin ɗakin Inna ne duk lokacin da wata a cikinmu ke jego.

Maƙwabciyarmu mafi kusa, tafiyar minti goma ce a ƙafa. Tsohuwa ce ta kusa tamanin, mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna birni. Yarana Kaka suke ce mata, ita ma ta karɓi sunan har tana sa hannu da shi a katin gaisuwa. Ita ta koya min tara itacen hunturu tun watan Agusta, ni kuma na koya mata cin yaji, ko da yake har yau da hawaye take ci.

Ranar da na fara shiga ɗakinta na ga kowace kujera da kowane gado an lulluɓe da wani irin bargo na haɗe-haɗen ƙyallaye. Kwilt suke kiransa. Hawa uku ne: na sama ƙananan ƙyallaye da aka yanka aka jera da tsari, na tsakiya auduga, na ƙasa yadi guda, sannan a bi duka ukun da ɗinki don kada audugar ta dunƙule. A zuciyata na ce, wannan ai ragowar yadin da tela ke sharewa ne da yamma.

Sai ta ɗauko wani tsoho da ya koɗe, ta shimfiɗa a cinyata. Kakarta ce ta ɗinka shi a shekarun 1930, lokacin da talauci ya yi wa Amurka katutu. A wancan zamani masu sayar da fulawa da abincin kaji sun lura mata suna ɗinka wa yara riguna da buhunan yadin da ake zuba kayan, sai suka fara buga wa buhunan zanen furanni. Kaka ta riƙa ɗora yatsa tana faɗa min: wannan buhun fulawa ne, wannan rigar aikin kakana ce, wannan ɗan shuɗin rigar ƙanen mahaifiyata ce wanda ya rasu yana shekara huɗu. Ba ta taɓa ganin yaron ba, hotonsa ma babu, amma ta san launin rigarsa.

A watan Yuli ta ja ni garin Sisters, kimanin kilomita 30 daga nan. Ƙaramin gari ne, mutanensa ba su fi dubu uku da 'yan kai ba. Tun 1975, da wata mai shagon yadi, Jean Wells, ta rataye barguna goma sha biyu a wajen shagonta, abin ya zama biki na shekara-shekara. Yanzu duk Asabar ta biyu ta watan Yuli sukan rataye sama da dubu a jikin gine-ginen garin, mutane su zo daga ƙasashe su yi ta kallo kyauta. Na sha kallo, amma hankalina yana gida, a kan wani akwati da ke ƙarƙashin gadona.

Inna ta rasu shekara shida da suka wuce, Allah ya jiƙanta. Ina da tsohon ciki a lokacin, likita ya hana ni hawa jirgi. Ban ga gawarta ba, ban zauna zaman makoki ba. Da aka yi rabon gado, Yaya ta aiko min da abin da ya faɗo a rabona, har da zannuwa uku. Akwai jar atamfa da take ɗaurawa da sallah. Akwai wata mai ruwan ganye 'yar Kaduna, tun zamanin da masaƙun garin ke aiki. Na ukun baƙin rini ne na Ƙofar Mata, wanda take yafawa da asuba in za ta hura wuta.

Shekara shida suna cikin akwati da kafur. Ba na iya ɗaurawa, in na ɗaura sai ƙirjina ya toshe. Ba na iya bayarwa. Sau ɗaya ko biyu a shekara in buɗe, in shinshina, in rufe. Yarinyar da na haifa bayan rasuwar ta ci sunan Inna, muna ce mata Ummi. Rannan tana kallon hoto a wayata ta tambaye ni, "Mama, wace ce wannan tsohuwar?" Takwararta ce fa. Daren nan ban yi barci ba.

Washegari na ɗauki zannuwan na nufi gidan Kaka.

Ta shafa su ta ce ba ta taɓa ganin yadi mai kyan wannan ba, sannan ta faɗi abin da ban shirya ji ba: sai an wanke kafin a yanka. Yadin auduga yakan tsuke a wankin farko, kuma launi mai ƙarfi yakan zuba ya ɓata na kusa da shi. Na ce a'a, in aka wanke ƙamshinta zai tafi. Ta ce, "'Yata, bargon da ba a iya wankewa ba na yaro ba ne, na akwati ne. Kin riga kina da na akwati." Na yi kwana uku ina jan ƙafa. Daga ƙarshe na yanki ɗan ƙyalle daga bakin kowanne na ƙulle a leda, na wanke jan da mai ruwan ganyen. Ƙamshin kuwa ya tafi. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya tafi gaba ɗaya, kuma ji na yi kamar ranar aka yi rasuwar. Baƙin rinin na mayar akwati, hannuna ya ƙi.

Tsarin da ta zaɓar min tsoho ne, suna ce masa ɗakin katako. Ana fara wa da ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a tsakiya, sai a riƙa kewaye shi da dogayen ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, gefe guda masu haske, gefe guda masu duhu. A al'adarsu na tsakiyar ja ake sawa, wai shi ne murhun gida. Da ta faɗi haka na dubi jar atamfar sallah, ban ce komai ba. Mun haɗa da tsofaffin rigunan makarantar yayyen Ummi da wata farar shaddar babansu da wuyanta ya cinye.

Aikin akwai cin rai. Kowane ɗinki rubu'in inci ne daga bakin ƙyalle, in kika kauce kaɗan, kafin ki kai layi na biyar komai ya karkace. Duk ɗinki ɗaya sai an bi shi da guga. Na farke fiye da yadda na ɗinka. Ummi ce mai miƙo ƙyalle, kuma duk wanda ta miƙo sai ta tambayi labarinsa. A wata biyu ta san Inna tana tsoron ƙadangare, ta san tana sa daddawa fiye da kima a miyar kuka, ta san waƙar da take yi in tana daka. Shekara shida ban iya ba ta labarin nan ba, sai da hannuna ya samu abin yi bakina ya buɗe.

Da saman bargon ya haɗu, murna ta ɗebe ni na ɗauki hoto na tura wa Yaya ta WhatsApp. Na ga alamar ta gani. Shiru har dare. Can sai ga saƙon murya, muryarta ƙasa-ƙasa, irin wadda na fi tsoro tun muna yara.

"Yanzu ke zanin Inna kika daddatsa? Lafiyayyen zani? In ba za ki ɗaura ba, ai da kin aiko na ba wata marar hali ta rufe jikinta, ladan ya isa ga Inna a kabarinta. Mu nan namu duk mun bayar. Ke kin je kin koyo abin Turawa, kin mayar da suturar mahaifiyarki abin ado."

Na amsa da zafi, abin da nake nadama. Na ce rabona ne, halalina ne, ba wanda zai faɗa min yadda zan yi da shi. Na ƙara da cewa su sun gan ta sun yi mata wanka, ni me na samu? Wannan kalmar ce ta ɓata komai, domin Yaya ce ta yi jinyar Inna wata takwas ita kaɗai, ni ina nan ina aika kuɗin magani ina ganin na yi wani abu. Yau sati biyar ke nan, in na gaishe ta takan amsa da "lafiya lau", shi ke nan. Na ba da haƙuri a kan kalmar, ta ce ba komai. Kun dai san irin wannan ba komai ɗin.

Na yi ta juya maganarta, kuma ban ga inda ta yi ƙarya ba. A garinmu zani biyu sutura ce ta shekara ga wata. Mutanen nan da suka fara wannan ɗinki da abin da ya riga ya mutu suke yi, buhu da rigar da ta yage. Ni kuwa lafiyayyen zani na sa wa almakashi. Na aika kuɗin turmi biyu a saya a bayar sadaka da sunan Inna, amma ni kaina na san akwai bambanci tsakanin sabon turmi daga kasuwa da zanin da mutum ya san jikin da ya ɗaura shi.

Duk da haka in aka ce in mayar da hannun agogo baya, ban tabbata zan mayar ba. A nan lokacin zafi gobarar daji ce abin tsoro, hukuma takan yi gargaɗi hawa uku: ku shirya, ku zauna da shiri, ku fita yanzu. Bara da aka kai mu hawa na biyu, na ga abin da Kaka ta fara sawa a mota: takardunta, maganinta, da bargon kakarta. Da ni aka ce in fita a daren, akwatin nan na ƙarƙashin gado ko tunawa da shi ba zan yi ba, kuma yarana ba su ma san da shi ba. Yanzu kuwa Ummi takan nuna jan ƙyallen tsakiya ta ce wa ƙawayenta, wannan na kakata ne, sunanmu ɗaya.

Saura bayan bargon ba a sa ba. Kaka ta auna ta ce baƙin rinin zai isa cif in aka ƙara masa ɗan yadi a gefe, kuma ba sai an daddatsa shi ba, a shimfiɗe zai zauna yadda yake, sai dai a yi ta wanke shi har shunin ya daina zuba. Wani ɗan garinmu kuma zai tafi gida ƙarshen wata, ya ce in ina da saƙo in kawo. Zanin yana nan a kan kujera, na ninke na warware ya fi sau goma. Ko dai ya zama bayan bargon Ummi, ko in sa shi a jakar mutumin nan ya kai wa Yaya ta yi yadda ta ga dama da shi.

Waɗanda kuka rasa iyaye mata, ya kuka yi da kayansu? Musamman ku manyan yayye da kuka yi jinya, ina so in ji ta bakinku ko da ba zai yi min daɗi ba. Ina da kwana goma sha ɗaya kafin mutumin ya tashi.