Ina Mawaƙan Talakawan Nguru da Gashua?

Yau ina so mu tattauna a kan mawaƙa, da aikin da ya kamata a ce suna yi wa talakan arewacin Yobe.

Bari mu ɗan waiwaya. Ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai mawaƙi, Malam Mudi Sipikin. Shi da irin su Gambo Hawaja suka riƙa isar da saƙon 'yanci ga mutumin da ko biƙi bai sani ba a boko. Waƙoƙin NEPU sun ci ne saboda sun kama sunan abin da ke damun talaka: haraji, jangali, aikin tilas, zaluncin 'yan doka. Kuma akwai ƙungiya a bayansu. Shi ya sa da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. An yi shekara kusan talatin ana rera kukan kafin a share hawayen.

To, mu dawo gida. Nguru fa ba baƙuwar Kano ba ce, tun wajen 1930 layin dogo ya haɗa su. Shin talakanmu ba shi da abin kuka ne? Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejia ta sauya. Ciyawar kachalla ta toshe magudanai a fadamar Haɗejia da Nguru, wani manomin ruwa ya cinye gonarsa, wani kuma ko ɗigo bai samu ba, masunta na kokawa. A Gashua kuwa, ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗaukar mutane, magidanci ya sayar da gona da dabbobi don wankin ƙoda. Amma da zaɓe ya ƙarato, me ke tashi daga lasifika? Yabon mai gida da zambon abokin hamayyarsa.

Na san za a ce mawaƙi ma yana da iyali, kuma gaskiya ɗaci gare ta. Haka ne. A 1977 sojoji sun ƙona gidan Fela Kuti a Legas. A 2009 an kama Aminu Ala a Kano a rikicinsa da hukumar tace fina-finai. Sai dai wannan ma hujja ce: da waƙa ba ta da tasiri, da masu mulki ba su damu da ita ba.

Laifin kuma ba na mawaƙa kaɗai ba ne. Wanda ya biya kuɗin situdiyo shi ke zaɓen abin da za a rera. Idan ƙungiyoyin manoma da masunta, da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashua, da 'yan uwanmu mazauna Abuja da ƙasashen waje suka haɗa taro da sisi, za su ɗauki nauyin waƙa da Hausa, Badanci ko Barbarci, wadda za ta ambaci kachalla da ƙoda, ta faɗi abin da ake nema, ba tare da zagin kowa ba. Yau ba sai an jira gidan rediyo ba, wayar hannu ta wadatar.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. In ba mu rera namu kukan ba, wa zai rera mana?

Allah Ya sa mu dace.