Zuwa Ga Sarakunan Aska Da Wanzaman Mafara, Bakura Da Maradun: Kumburin Da Ba A Sa Wa Aska

 Iyayen sana'a, ku na zaɓa in rubuta wa maimakon likitoci, domin yaron da kumatunsa ya kumbura a ƙauyen Bakura ko Maradun, hannunku ne ke fara taɓa shi. Ku kuka yi masa askin suna, ku kuka cire masa belu, ku ake jira ku yi masa kaciya idan sanyi ya shigo. Gidan da baƙon namiji ba ya wuce zaure, wanzaminsa har tsakar gida yake shiga. Saboda wannan yardar nake roƙon abu guda: akwai kumburin da in kun gan shi a jikin yaro, gwanintar ita ce a mayar da aska cikin zabira, a ce wa uban ya nemi mota.

Kun fi kowa sanin maruru: yana zafi, yana zogi, ya nuna, ya tara mugunya, a yi sakiya a huta. Hangum kuwa yakan saɓe da kansa cikin kwana goma ko ƙasa da haka. Wanda nake nufi dabam ne. Yakan kama muƙamuƙin yaro ɗan shekara huɗu zuwa bakwai, maza sun fi yawa. In ka danna ka ji shi da tauri, yaron ba ya ma janye kai sosai, amma haƙoran gefen sun fara girgiɗa tun lokacin famfara bai yi ba, wani lokaci ido ya turo waje ko ciki ya ɗaure. Uwa ta ce ranar Talatar da ta wuce kamar goro yake, yau ya kai lemo. Ba ta ƙara gishiri ba. Ciwon daji ne. Wannan dajin, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a 1958 bayan ya yi ta ganin sa a yaran Yuganda, yana cikin mafiya saurin girma a jikin ɗan Adam, yana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Bincike ya danganta shi da wata ƙwayar cuta da kuma zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa, kuma mu da ke zaune bakin fadamun Bakolori ba sai an faɗa mana yadda sauro yake ba. Babu mugunya a cikinsa. Duk wanda ya tsaga, jini zai samu, da gyambon da zai jinkirta maganin asibiti. Haka ma ba a sa aska ga yaron da tsakiyar idonsa ke ƙyalli fari kamar idon kyanwa da dare, da wanda ya ɗashe, dasashinsa na zubar jini, zazzaɓi ya ƙi sauka: irin wannan na ƙarshe, tsaga ɗaya na iya zama jinin da ba ya tsayawa.

Na san amsar da ke bakin wasu: ai daji ba ya son ƙarfe, allura na taɓa shi sai ya bazu. To, aska da kibiyar sakiya da itace aka yi su? Allurar likita ɗan tsoka kaɗan take ɗebowa a duba a san wane irin daji ne, sannan a ba da magani ta jijiya, wanda ke bin jini ya iske ciwon duk inda ya ɓuya. Wasu kuma su ce duk wanda aka kai asibiti gawarsa ke dawowa. Akwai gaskiya a ciki, amma a tambaya yaushe aka kai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma cikin manyan dalilan da ta lissafa akwai zuwa a makare da barin magani a tsakiya. Ciwon ɗaya ne can da nan. Wata biyun da aka ɓata tsakanin shafe-shafe da ƙaho shi ke mayar da mai warkuwa ya zama wanda ake wa addu'ar samun sauƙin tafiya.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi da hanya, ba zan raina ta ba. Daga babban asibitin Talata Mafara sai a tura yaron Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a kan hanyar da kowa ya san halin tsaronta. Uwa za ta tare a gefen gado da tabarma da kwanon abinci, ta bar sauran yara wurin kishiya ko kaka. Uba ya sayar da buhun shinkafa, daga nan tunkiya, daga nan gona ta shiga jingina. Amma dukiyar nan za ta tafi ko ta wace hanya. Gara ta tafi tun ciwon yana jin magani, da a ƙarar da ita kaɗan-kaɗan a gida a isa Sakkwato hannu wofi.

Aikinku kuma bai ƙare da turawa ba. Wannan kumburin yakan narke cikin kwanaki bayan zagayen farko na magani, sai dangi su ce ai ya warke, ga shi ma maganin yana sa shi amai, gashinsa na zubewa, a bar wahalar da yaro. A nan ake rasa da yawa, domin ciwon da ya dawo bayan an katse magani ya fi taurin kai. Likita yana can Sakkwato, ba ya jin wannan shawarar da ake yankewa a zaure. Ku kuna nan. In wanzami ya ce gashi zai tsiro, wa zai yi masa gardama a kan gashi? In ya ce wa baffanni da kawunnai su je a ɗebi jininsu don yaron, shi da ya shekara talatin yana zuƙe jinin manya da ƙaho suna tashi garau, maganarsa ta fi ta takardar asibiti shiga. Addu'a da sadaka a ci gaba da su, ba su hana ƙarin ruwa ba. Kaciya da cire belu dai a ɗage su har likita ya ba da izini, don jikin mai shan wannan magani ba ya iya yaƙar ƙwayar cuta yadda ya kamata.

Ranku ya daɗe, Sarakunan Aska, ku tara yaranku ku kafa musu wannan ƙa'ida kamar yadda aka kafa muku ta wasa aska: kumburin yaro mai tauri, mai saurin girma, marar mugunya, ba a tsaga shi, ba a kuma ce a dawo mako mai zuwa a gani. A tura shi asibiti a ranar.