Murar Mai Juna Biyu Ba Ta Jiran Gobe

'Yar'uwa mai juna biyu, da hunturu ya kama za ki ji tari da atishawa a kowane gida, kowa na cewa "ai mura ce, za ta wuce." Ga sauran mutanen gidan sau da yawa haka ne. A ganina, ke bai kamata a riƙa yi miki wannan lissafin ba.

Jaririn da ke cikinki rabin halittarsa daga mahaifinsa ne, wato baƙo ne a wurin garkuwar jikinki. Domin kada ta yaƙe shi, sai garkuwar ta sauya salon aikinta. Ba mutuwa take yi ba, kamar yadda wasu ke zato, amma sashenta da ke farautar ƙwayoyin bairas yakan yi sanyi. Ga kuma ƙirji: yayin da ciki ke girma, mahaifa kan tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki sama da kusan santimita 4, alhali buƙatar jikinki ta iskar oksijin ta ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100. Huhu ya takura, aiki ya ƙaru. Shi ya sa mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, kan iya sauka huhu ta zama nimoniya cikin 'yan kwanaki, musamman a watanni ukun ƙarshe da makonnin farko na jego.

An ga haka a annobar murar 2009. A Amurka masu juna biyu kusan kashi 1 cikin 100 ne na jama'a, amma su ne kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka rasu. Da korona ta zo a 2020 ma, masu ciki sun fi takwarorinsu shiga ɗakin kulawa ta musamman, an kuma sami ƙarin haihuwar bakwaini.

Abin da ya fi damuna shi ne tura yaro kemis. Magungunan kashe bakteriya, irin su amoksisilin, ba sa taɓa bairas. Ibuprofen kuwa yana iya cutar da jariri, musamman idan ciki ya tsufa. Farasitamol ne aka yarda da shi don sauke zazzaɓi, sai dai sauke zazzaɓi daban, gano dalilinsa daban: zai iya zama na cizon sauro, gwaji ne kawai zai raba gardama. Maganin infuluwenza, oseltamivir, ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48. Jiran ranar awon ciki ke cinye waɗannan awoyin.

Don haka idan zafin jiki ya kai 38, ko numfashi ya sarƙe kina zaune, ko ƙirji na ciwo, ko jariri ya rage motsi, ki zo asibiti a ranar, ko da dare ne. Maigida, ka ba ta izini tun yanzu, ka kuma ajiye kuɗin mota, don kada ta zauna jiran dawowarka daga kasuwa. Mai tari a gidan ya ɗan nisance ta, a yawaita wanke hannu da sabulu, a raba ta da hayaƙin murhu.

Jikinki yana amsa allurar rigakafi sosai, kuma kariyar da ya haɗa tana ratsa mabiyiya ta isa ga jariri. Wani bincike da aka buga a 2008 daga Bangaladash ya nuna rigakafin uwa ya rage infuluwenza a jarirai 'yan ƙasa da wata shida da kashi 63 cikin 100. A zuwanki awo na gaba, ki tambayi ungozoma ko ana samun allurar, kuma a ina.