Hawan Dutse Da Rediyo A Jaka: Wasan Da Bai Kamata Mu Raina Ba

Duk wanda ya san Bahaushe ya san cewa tsakaninsa da akwatin rediyo akwai tsohuwar amana. Tun da sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, aka biyo da na Jamus da na Amurka, da wuya ka shiga rumfar kasuwa ko majalisar dattawa ba ka ji murya tana fitowa daga akwati ba. Sai dai duk tsawon shekarun nan mun tsaya ne a matsayin masu saurare. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a duniya akwai mutanen da ke da lasisin aika saƙo da rediyo don sha'awa kawai, kuma daga cikinsu akwai waɗanda suka haɗa wannan sha'awa da hawan duwatsu.

An fara wannan shiri, wanda aka fi sani da SOTA, a Ingila da Wales a watan Maris na 2002, bisa shawarar wani ma'abocin rediyo mai suna John Linford, kuma daga nan ya bazu zuwa sauran Turai, da Amurka, da Japan, da Afirka ta Kudu. Tsarinsa ba shi da wuyar fahimta. Mutum zai ɗauki ƙaramar na'urar aika saƙo, da batir, da waya ta yin eriya, ya hau dutsen da ke cikin rajista, ya kafa tasharsa a ƙololuwa, sannan ya yi magana da aƙalla tashoshi 4 dabam-dabam kafin a ba shi maki. Makin kowane dutse yana kamawa daga 1 zuwa 10 gwargwadon tsayinsa, kuma bisa ƙa'ida sai dutse ya ɗara ƙasar da ke kewaye da shi da mita 150 ake saka shi a rajista. Wanda ya tara maki 1,000 ta hanyar hawa, sai a ba shi lambar yabo ta "Akuyar Dutse". Su ma waɗanda ke zaune a gida suna farautar muryar masu hawan, suna da nasu makin.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dokokin da suka gindaya wa kansu. Ba a yarda mutum ya yi aiki daga cikin mota ba. Ba a yarda da janareta ba. Duk abin da za a yi amfani da shi, sai an ɗauko shi a kafaɗa. Waɗannan sharuɗɗa su ne makarantar, domin wanda ya san cewa bayansa ne zai ɗauki kayan, dole ya koyi yadda ake cin moriyar ƙarfin wuta kaɗan. Da yawa daga cikinsu da wat 5 kacal suke aiki, ƙarfin da bai kai na ƙwan fitilar ɗaki ba, amma saƙonsu na ƙetare teku, musamman idan sun yi amfani da harufan Morse.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai rediyo kan dutse? Amsar tana cikin yadda igiyar rediyo take tafiya. A zangon mita 2, wato mega 144, saƙo yana tafiya ne kusan a miƙe kamar haske, don haka lanƙwasar ƙasa take tare shi. Mutumin da ke tsaye a fili, iyakar hangensa ba ta wuce kilomita 5 ba, amma wanda ya hau tsayin mita 1,000 yana iya hango abin da ya haura kilomita 100. A gajeren zango kuwa, irin mega 7 da mega 14, saƙon yana hawa sama ne ya bugi wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki, ya dawo ƙasa a wata nahiya. Kan dutse kuma babu hayaniyar na'urorin gari da ke toshe kunnen akwati. Yaron da ya gane wannan da hannunsa ya riga ya fahimci darasin da ake haddace masa a aji ba tare da ya taɓa ganin amfaninsa ba.

Na san za a ce wannan wasan masu ƙoshi ne, kuma a ƙasar da dazuzzuka suka zama mafakar 'yan bindiga, ba hankali ba ne a ƙarfafa wa mutane gwiwar riƙe na'urar aika saƙo. Maganar tsaro ba abin wasa ba ce, kuma babu mai hankalin da zai tura ɗansa dutsen da ba a amince da shi ba. Amma ya kamata a bambanta. Ma'abocin rediyo mai lasisi yana da lambar kira da hukuma ta ba shi, wadda a Nijeriya take farawa da 5N, a Nijar kuma 5U, kuma dokokin ƙungiyar sadarwa ta duniya sun wajabta masa ambatonta, sun kuma hana shi ɓoye ma'anar saƙonsa. Kowa na iya sauraronsa. Ɗan ta'adda bai taɓa neman lasisi ba, saboda haka tsananta wa mai bin doka ba ya rage masa komai.

A ɗaya ɓangaren kuma, mun ga yadda wayar salula take iya yin shiru. A 2012 an lalata turakun sadarwa a arewa maso gabas, a 2013 kuma aka rufe layuka a jihohin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. Lokacin girgizar ƙasar Nepal ta 2015, da guguwar da ta afka wa Puerto Rico a 2017, ma'abota rediyo sun taimaka wajen isar da saƙonnin agaji sa'ad da sauran hanyoyi suka katse. Mutumin da ya saba kafa tasha a kan dutse cikin 'yan mintuna, da batir da waya kawai, shi ne ainihin wanda ake buƙata ranar ambaliya ko wata annoba. Irin wannan ƙwarewa kuwa ba a samunta a ranar da bala'i ya sauka, sai an daɗe ana atisaye.

Duwatsu dai Allah Ya hore mana su, daga tsaunukan Shere da ke kusa da Jos har zuwa Chappal Waddi a Taraba, wanda ya haura mita 2,400. Abin da ya rage shi ne jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya da fasaha su kafa ƙungiyoyin rediyo na ɗalibai a ƙarƙashin malaman sashen lantarki, hukumomin da abin ya shafa kuma su sauƙaƙa hanyar jarrabawa da samun lasisi, su fayyace ta yadda ɗan sandan da ke bakin hanya zai gane takardar idan an nuna masa. Injiniyoyinmu da suka yi ritaya daga gidajen rediyo da kamfanonin sadarwa, su ne ya fi dacewa su ja ragamar wannan aiki tun iliminsu bai tafi tare da su ba.

Allah Ya sa masu faɗa a ji su duba.