Baƙar Giyar Jamus da Sirrin Gashin Sha'ir

Wanda ya ga baƙar giyar Bavariya, wadda Jamusawa ke kira Dunkel, zai ɗauka rini aka zuba mata. Ko kusa. Launin daga hatsi yake: a jiƙa sha'ir har ya tsira, a busar, a gasa shi a hankali har ya yi jaja-jaja. A nan gwaninta take, domin wuta ta ɗan wuce kima sai ɗacin ƙuna ya mamaye komai. Na ɗanɗana samfurinta marar bugarwa a birnin Munik, ruwanta ja mai duhu kamar dafaffen zoɓo, kumfa mai kauri ta tsaya a bakin kofi, ƙamshin kuwa na ɓawon burodi ne da ƙanzon tukunya, zaƙin ya zo a hankali, ɗan ɗaci ya biyo baya ya share harshe. Abin da ya fi burge ni shi ne tushen sana'ar. A 1516, a garin Ingolstadt, aka kafa dokar da ta taƙaita kayan haɗin ga ruwa da sha'ir da furen hops, har da nufin bar wa masu burodi alkama. Bayan haɗawa kuma a ajiye ta makonni cikin sanyi, ba gaggawa. Sunan laga da ake kiran irin wannan giya da shi ma daga kalmar ajiya ya samo asali. Sai dai mai kiyaye addini ya duba kwalba da kyau: a Jamus, abin da aka rubuta wa alkoholfrei, wato marar barasa, yana iya ɗauke da barasa har kashi 0.5 cikin ɗari. Mai 0.0 ita ce taka.